Ƙullin Taba a Gidan Anti Verna

Ku bar ni in faɗa kafin ya fasa min ciki. Tun jiya nake tare mutane da labarin nan, a kanti, a bakin tafki, har direban motar ruwa sai da na tsayar da shi. To yanzu na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya in huta. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri, ni a aji tara na ajiye makaranta.

Sunana Shaylene. 'Yata kuma Nipin, haƙoranta biyu, kuma duk garin nan babu jaririyar da ta kai ta kumatu. Ba yabo ba ne, ku zo ku gani.

Ranar da na haife ta a asibitin birni, wata mata daga ma'aikatar kula da yara ta zo ta tsaya a ƙafar gadona da fayil a hammata. Wai ni yarinya ce, wai gidanmu mutane sun yi yawa, wai bangonmu ya yi fumfuna. Kowa a garinmu ya san abin da ke biyo bayan irin wannan tsayuwar, uwa ta dawo gida da jakar goyo babu kowa a ciki. Abin da ya cece ni Gidan Iyaye Mata ne, wanda kowa ke ce wa Gidan Anti Verna. Aka yi sharaɗi, muddin ina zuwa gidan, Nipin tana hannuna. Ranar da babu gidan, fayil ɗina ya koma birni, matar nan kuma ta dawo.

To sai ga shi ana maganar rufe gidan.

Laifin kuwa namu ne duka, amma ba da gangan ba. Bara ofishin da ke ɗaukar nauyin gidan suka aiko wani Bature ya auna aikin. Ya raba mana takarda mai fuskoki, daga mai kuka har zuwa mai washe baki, wai kowa ta zaɓi yadda take jin gidan. Yo wa zai zaɓi mai kuka, ya ci mutuncin Anti Verna? Wa kuma zai zaɓi mai washe baki, a ce muna fariya da kayanmu? Mu ba a yi mana tarbiyya haka ba. Duk muka zaɓi ta tsakiya, mai bakin nan a miƙe kamar an ja layi. Bature ya koma ya rubuta wai matan garin ba su damu da gidan ba, da shi da babu duk ɗaya ne a wurinsu.

Dattawa suka tayar da ƙura, suka ce ba a auna mu da fuskar zane. Da ƙyar ofis ya yarda a sake awo, wannan karon da koyarwar ƙabilarmu ta Cree, kuma 'yar Cree ce za ta zo, wata Dakta Corrine daga birnin Saskatoon. Abin da ta ce shi ke nan, ko a bar gida ko a sa masa kwaɗo.

Ranar da Anti Verna ta ji, ta tara mu tana haki. Ita ce shugabar gidan, gajeriya mai makullai a wuya, in tana tafiya sai ka ji kamar doki mai ƙararrawa.

Ta ce, "Ku 'yan nan, ku saurara. Daga yau sai mun zama Cree."

Ƙawata Darla, mai 'yan biyu, ta ce, "Anti, to da mene ne mu? Faransawa?"

"Ba irin wannan Cree ɗin ba! Irin na hoto."

Aka shiga aiki. Gaskiyar gidanmu ita ce, akwai darasin raino da ofis ya wajabta. A kunna mana bidiyo, wata Baturiya tana yi wa bebin roba wanka tana murmushi. Mu ma muna da namu bebin robar, muna ce masa Ɗan Gwamnati, ba ya kuka, ba ya kashi, kansa ne kawai ke cirewa in an juya shi. Sai injin wanki guda, wanda a kansa ake faɗa. Sai ɗakin baya mai tsohuwar doguwar kujera, inda in bidiyo ya fara kowa ke sulalewa ta je ta miƙe. Sai Kokum Philomene, Kokum ɗin nan kaka ke nan a yarenmu, tsohuwar da ba ma'aikaciya ba ce, ba wanda ya kira ta, kullum dai tana kusa da na'urar ɗumama ɗaki da jariri a cinya tana tsotsar busasshen kifi da dasashi.

Anti Verna ta rufe injin wanki da babban bargo mai tauraro. Ta kulle ɗakin baya. Ta yi odar sabon tipi, tantin nan namu na gargajiya mai tsini da dogayen sanduna, ta sa mijinta Kawu Wilfred ya kafa shi a gaban gida, ƙofar tana kallon titi don baƙuwa ta gani tun daga mota. Kokum ta leƙa ta taga, ta kalli tipi, ta kalli inda rana ke faɗuwa, ta yi wata 'yar dariya ta koma kan kifinta.

Kun san kowace sandar tipi da koyarwarta. To Anti ta raba mana sandunan kamar ana rabon nama. Wata ta samu godiya, wata tsafta, wata farin ciki. Darla, wadda ko sabon takalmi ta saya sai garin maƙwabta sun ji, ita aka ba tawali'u.

Ta ce, "Ai ya dace da ni. Duk garin nan ba wadda ta kai ni tawali'u."

Ni aka ba ni tarbiyyar yara, da jawabin da zan haddace: "Darussan gidan nan sun ƙarfafa ni a matsayina na uwa, kuma ina aiwatar da su kullum." Na yi ta maimaitawa ina shayarwa, ina wanke-wanke, har ƙanen babana ya fara amsa min da "kullum" daga bayi.

Ita Kokum, Anti ta durƙusa gabanta ta ce, "Kokum, ke ba sai kin yi magana ba. Ki sa siket ɗinki na gargajiya mai ribon, ki zauna kina kallon nesa."

"Wane nesa, 'yar nan? Bango ne a gabana."

"To ki kalli bangon da hikima."

Ranar awo aka tashi da yayyafi. Muna jiran mota mai sheƙi, sai ga wata tsohuwar mota duk taɓo. Wata doguwar mata ta fito da takalmin roba, ba kwamfuta, ba jakar takardu, sai ƙaramar jaka ta fata. Anti Verna ta gyara murya za ta fara jawabin maraba, matar ta riƙe mata hannu a hankali, ta wuce kai tsaye wurin Kokum.

Kokum ta ce, "'Yar waye ke?"

Shi ke nan fa. Aka shiga lissafin dangi, wane ya auri wance, wance ta koma hayin tafki. Shayi ya huce aka sake wani. Can sai Kokum ta buga cinya ta ce, "Ke jikar Adele ce? Mai ƙaton hanci? Ai ga shi nan a fuskarki, ya iso lafiya!"

Dakta Corrine ta yi dariya har da riƙe hancin. Anti Verna tana gefe da jawabinta a hannu kamar wadda aka bari a tasha.

Muka ci miyar naman mus, ƙaton barewar nan ta dajinmu, da burodinmu na banok, sai aka ce a shiga tipi a yi da'ira. Kawu Wilfred ya hura wuta a tsakiya yana wani ƙasaita. Kai! Hayaƙi ya ƙi fita. Iska tana shigowa ta ƙofa tana dawo mana da shi, jarirai suka ɓarke da kuka, muka fito a guje muna tari da hawaye. Dakta ta share ido ta ce ai cikin gida ma yana da kyau. Muka koma babban ɗaki muka zagaye, daidai gaban bargon nan mai tauraro.

Aka kunna ciyawar ƙamshi, kowa ta shafa hayaƙin a fuska da ƙirji. Ina ta juya jawabina a zuci. Sai Dakta ta buɗe jakarta ta fata, ta fito da ƙananan ƙulle-ƙulle na jan ƙyalle.

Taba.

Na ji makullan Anti Verna sun yi shiru.

Mu mun ɗauka Kokum kaɗai za a miƙa wa, kamar yadda aka saba in ana neman sani a wurin tsoho. Ina! Matar nan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya gaban kowacce da ƙulli a tafin hannu tana cewa, "Ina roƙon ki faɗa min abin da gidan nan yake a wurinki, yadda yake. In ba za ki iya ba, kar ki karɓa, ba komai."

Ko yaron goye a garinmu ya san wannan. Za ka iya yi wa takarda ƙarya, za ka iya yi wa Bature mai fuskoki ƙarya, amma ba ka riƙe taba a hannu ka yi ƙarya. Mahalicci ne shaidarka. Duk haddar da muka yi ta tashi a banza.

Da ta iso gabana, na tsaya ina kallon ƙullin. In na karɓa, sai in faɗi cewa barci nake zuwa yi, a rufe gida, a zo a ɗauke min 'ya. In na ƙi, ni mai fayil, ai an san ina ɓoye wani abu. Ina cikin haka Nipin ta ga jan abu, ta miƙa hannu ta damƙe gefen ƙyallen tana ƙoƙarin kai wa baki.

Kokum ta ce, "'Yar ta karɓa. Saura uwar."

Na karɓa.

Anti Verna ma aka miƙa mata. Ta kalli ƙullin kamar garwashi ne, sannan ta rufe ido ta amsa.

Aka fara zagaya dutse. Mai dutse a hannu shi ke magana, ba a katse shi ko da zai kai gobe. Darla ce ta farko. Ta kalli Anti, ta kalli tabar hannunta, ta sauke numfashi.

"Anti, ki yafe ni. Dakta, ni ba ni da tawali'u, aro aka ba ni. Ni wanki nake zuwa yi. 'Yan biyu gare ni, gidanmu ruwan tanki ne, in na wanke zanen ɗaya kafin ya bushe ɗayan ya ɓata nasa. Bidiyon nan kuwa, na gan shi har na san inda matar ke ƙifta ido. Ita ba ta taɓa riƙe yaro mai rai ba, na rantse, ki ga yadda take kama wuya."

Tana rufe baki sai muka ji "tiit, tiit, tiit" daga bayan bargo mai tauraro. Ashe shegiyar tun da safe ta faki ido ta zuba kaya a inji.

Darla ta ce, "Nawa ne. Kar wadda ta taɓa, akwai sauran zubi ɗaya."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Anti Verna ta sa fuska a tafin hannu. Ba ta da dutse, ba damar magana.

Haka aka yi ta yi. Mai tsafta ta ce ita miya ke kawo ta. Mai farin ciki ta fashe da kuka ta ce nan ne kaɗai wurin da take kuka ba a tambaye ta dalili. Wata ta tona asirin kan Ɗan Gwamnati, har ta tashi ta ɗauko shi ta nuna, kan ya gangara ya tsaya a ƙafar Dakta yana kallon rufi.

Dutse ya zo hannun Kokum. Ta riƙe shi ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sannan ta turo baki ta nuna waje.

"Tun ina yarinya ƙofar tipi gabas take kallo. Yau na ga wanda ke kallon titi. Na ce wataƙila rana ce ta canza hanya ba a gaya min ba." Ta juya wajen Anti. "Verna, mijinki ya iya harbin mus. A bar shi a nan."

Kawu Wilfred daga kicin ya ce, "Ita ta ce in juya shi!"

"Ba ka da dutse!" Duk muka haɗa baki.

Sai dutse ya faɗo hannuna, da ɗuminsa. Na buɗe baki, jawabin nan ya zo har kan harshena, "Darussan gidan nan," sai na ji ƙullin taba a ɗaya hannun. Na haɗiye shi.

Na ce, "Dakta, ni ban koyi komai a bidiyo ba. Barci nake zuwa yi. A gida ba wurin miƙe ƙafa, Nipin kuma ba ta san barci ba sai a kafaɗa. In na zo nan sai Kokum ta karɓe ta, in shiga ɗakin baya in kwanta. In na farka sai in tarar an yi wa yarinya wanka, kayana a ninke, an rufa min bargo. Ita ce ke yi." Na nuna Anti da baki. "Sai ta yi kamar ba ita ba, ta hau ni da faɗa wai na makara darasi."

Na so in tsaya a nan amma bakin ya ƙi.

"Ranar da matar ma'aikata ta tsaya min a asibiti, Anti ce ta tuƙo mota daga nan har birni. Da silifas ɗin ɗaki ta shigo, ƙafa ɗaya ruwan hoda, ɗaya na Kawu Wilfred. Ta shiga tsakanin matar da gadona ta ce, wannan 'yata ce. Alhali ni ban ma san ta sosai ba, gaisuwa ce kawai a kanti. Yanzu in kin rufe gidan nan saboda na ce barci nake yi, to ni na kashe shi da bakina, kuma za su zo su ɗauki Nipin. Amma kin ba ni taba."

Na miƙa dutse da sauri, ina jin kamar in nutse. Ba wadda ta yi dariya.

Anti Verna ce ta ƙarshe. Ta share hanci da gefen riga ta ce, "Ni ma na tsani bidiyon nan. In na kunna shi bayi nake shiga in zauna. Ofis ne suka ce dole." Ta harare mu ɗaya bayan ɗaya. "Kuma ku duka marasa kunya ne. Silifas ɗin ma sai da aka faɗa."

Dakta Corrine ba ta rubuta ko harafi ba. Ta yi mana godiya, ta roƙi a buɗe mata ɗakin baya, ta zauna a kan kujerar nan har ta lotsa da ita. Ta taya Darla shanya. Sannan ta shiga motarta ta tafi, ba ta ce an ci ba, ba ta ce an faɗi ba.

Makonnin da suka biyo baya kar ku tambaye ni. Ko mota ta tsaya a ƙofarmu sai in ruga in leƙa ta taga. Anti Verna ta daina yi min faɗa, wannan ya fi komai ba ni tsoro.

To jiya! Jiya aka yi walima a zauren gari, don Dakta ta ce sakamakon mutane a gabansu ake fara faɗa da baki kafin ofis ya gani a rubuce, amma ofis ɗin ma ta riga ta je ta zauna musu a wuya. Ta miƙe ta ce ita abin da ta auna dangantaka ce. Yaron da ya shigo gidan nan da uwa ɗaya, yanzu yana da kaka, yana da anti-anti har sun yi masa yawa. Ta ce uwar da ta iya yin barci a wuri, ta bar ɗanta a hannun wata, to ta gama ba wurin maki.

Ba za a rufe ba! Kun ji? Ba za a rufe ba! Har da ƙarin injin wanki. Darla ta yi ihu sai da 'yan biyu suka firgita. Ni kuwa na matse Nipin har ta cije ni da haƙoran nan biyu.

Sai dai ofis sun ce su ba za su iya ɗaukar nauyin abu mai suna barci ba. Don haka aka raɗa masa suna, Shirin Hutun Uwa Bisa Tafarkin Dangantaka. Anti Verna har ta sa an rubuta a allo an kafa a ƙofar ɗakin baya, tana gaya wa kowa ai tun asali tsarinta ne. Kokum kuma wai yanzu sunanta Babbar Mai Riƙon Al'ada. Ta ce su kira ta duk abin da suka ga dama, kifinta dai kar a taɓa. Ɗan Gwamnati an yi masa ritaya, yana kan inji yana gadin sabulu. Tipi an juya shi gabas, Kawu Wilfred yana yi yana ƙunƙuni.

Yau da safe ma wasu mata daga wani gari suka zo koyon yadda muke yi, su ma suna so su kafa nasu. Anti ta shigo da su tana kaɗa makullai ta ce, "Shaylene, zo ki nuna musu shirin."

Na ce, "Anti, a gaban mutane?"

"Ke ce ƙwararriyarmu. Wuce."

Na ajiye Nipin a cinyar Kokum, na shiga na miƙe a kujera. Baƙi suka jeru a bakin ƙofa suna kallona, ɗaya har tana ɗaukar hoto. Na ce a raina bari in rufe ido in yi kamar ina yi, su gani su tafi.

Da na buɗe ido babu kowa, rana ta karkata, an rufa min bargo mai tauraro. Daga babban ɗaki ina jin Nipin tana ƙyalƙyala dariya, Anti Verna kuma tana cewa, "Ku bar ta. Aiki take yi."